Boga mai tsada irin ta Five Guys da Shake Shack: kuɗin nama ake biya ko kuɗin suna?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san harkar abincin sayarwa, musamman mazauna Amurka da Ingila da Dubai. Wuraren boga irin su Five Guys da Shake Shack kan caji kusan ninki biyu na abin da ake biya a McDonald's ko Burger King, alhali duka burodi ne da niƙaƙƙen nama da soyayyen dankali. Mene ne ainihin abin da ƙarin kuɗin yake saya? Akwai bambancin da za a iya aunawa ko dai kwalliyar shago ce?

SarkinFawa_Bichi:
Wa alaikumus salam Hajiya. A fara da sikeli kafin a je kan ɗanɗano. Ƙaramin faifan naman McDonald's, wanda ake sa wa a ƙaramar bogarsu, giram 45 ne tun yana ɗanye. Big Mac guda biyu ke cikinta, giram 90 ke nan, sauran tudun duk burodi ne hawa uku da latas da miya. Quarter Pounder kuwa kwatan fam ne, wajen giram 113, haka ma Whopper ta Burger King. In nama ya hau wuta yakan zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, ruwa da kitse, don haka giram 113 zai dawo wajen 85 a hannunki.

A Five Guys abin da suke kira boga kawai, ba tare da ƙarin bayani ba, faifai biyu ne. Mai faifai ɗaya ita ce suke kira ƙarama. Mutane da yawa suna kwatanta farashin mai biyun da ƙaramar bogar McDonald's su ce an yi ninki uku, alhali naman ma ba ɗaya ba ne. In za a yi adalci a raba kuɗin da yawan giram ɗin nama. In an yi haka tazarar na raguwa sosai, amma ba ta ɓacewa.

Bashir_Akanta:
Sarkin Fawa ya ɗauko zancen daga tushe, sai dai nama ba shi ne babban abin da ke cinye kuɗin ba. A lissafin gidajen abinci, kayan abincin da takardar naɗewa sukan ci kusan kashi 30 cikin ɗari na ciniki. Albashi ma wajen haka. Sai haya da wuta da gas da gyaran injuna. Inda manyan shagunan nan suka bambanta shi ne hannun ma'aikata. A Five Guys a cikin shago ake yanka dankali kullum, a jiƙa shi, a mulmula nama da hannu, a yanka tumatir da albasa. A McDonald's dankali yana zuwa a yanke a daskare daga masana'anta, ƙananan faifan nama ma haka, kuma kaskon nasu mai murfi ne da ke gasa sama da ƙasa lokaci guda, ƙasa da minti ɗaya ya nuna. Ma'aikata kaɗan a McDonald's za su fitar da abin da sai ma'aikata da yawa ke fitarwa a Five Guys. Wannan bambancin ne ake ɗora wa mai saye.

Ga kuma tsadar da ta hau kowa. A watan Janairun 2024 yawan shanun Amurka ya sauka zuwa wajen miliyan 87, mafi ƙaranci tun 1951, saboda fari da tsadar abincin dabbobi. A Afrilun 2024 jihar Kalifoniya ta mayar da mafi ƙarancin albashin ma'aikatan manyan shagunan abincin gaggawa dala 20 a awa. Har McDonald's sai da ta fito da kwanon dala 5 a watan Yunin shekarar don ta dawo da masu saye da suka fara ja da baya.

Zee_Kitchen:
Ni dai batun "ba a daskarar da shi ba" nake so a yi bayani a kai, don shi ne babban abin tallarsu.

SarkinFawa_Bichi:
Malama Zee, daskarewa na yi wa nama illa amma ba yadda ake zuzutawa ba. Ruwan da ke cikin tsoka yana zama ƙanƙara, ƙanƙarar ta huda zaren naman, in ya narke sai ruwan ya tsiyaye. In daskarewar a hankali ta faru, irin ta firizar gida, ƙanƙarar manya ce, ɓarnar ta fi yawa. Masana'anta kuwa cikin mintoci suke daskarar da shi da iska mai tsananin sanyi, ƙanƙarar ƙanana ce, asarar kaɗan. Saboda haka a siririn faifai na giram 45 da aka lulluɓe da miya, da wuya harshe ya gane. A kauri mai giram 110 zuwa sama ana ganewa.

Abin da ya fi daskarewa tasiri shi ne kitse. Ma'aunin da aka fi yarda da shi: tsoka kashi 80, kitse kashi 20. In kitse ya gaza kashi 15 boga za ta bushe kamar kilishin da ya kwana a rana. In ya haura 25 za ta tsuke ta yi iyo cikin mai. Dokar Amurka ma ba ta yarda niƙaƙƙen naman sa ya wuce kitse kashi 30 ba.

Dr_Hadiza_M:
Ƙarin gyara kaɗan: McDonald's ta Amurka ta koma ɗanyen nama marar daskarewa a Quarter Pounder tun 2018. Don haka wanda abin da ya dame shi ke nan, yana iya samu a farashi mai sauƙi, a can dai. Ƙananan faifan ne har yanzu daskararru.

Aliyu_Kalifoniya:
Duk wannan lissafin akwai shagon da ke rushe shi, wato In-N-Out. Harry da Esther Snyder suka buɗe shi a Baldwin Park a 1948. Ba sa daskarar da nama, a gabanka ake yanka dankali, suna biyan ma'aikata sama da yawancin takwarorinsu, amma farashinsu ya fi kusa da na McDonald's fiye da na Five Guys. To in ɗanyen nama da aikin hannu ne ke kawo tsada, ta yaya su suke yi?

Bashir_Akanta:
Tambaya mai kyau Malam Aliyu. Abu uku ne. Jerin abincinsu gajere ne ƙwarai, boga iri uku, dankali, abin sha, don haka kaya ba sa lalacewa a ajiye kuma layi na gudu. Na biyu, ba sa sayar da lasisin buɗe reshe ga wasu, iyalin ne ke riƙe da duka rassan, babu kason da mai reshe zai riƙa turawa uwar kamfani daga cinikinsa. Na uku, ba sa buɗe shago nesa da cibiyoyin da suke niƙa namansu da kansu, shi ya sa sun daɗe a yammacin Amurka ba su bazu ba. Faifan namansu kuma siriri ne. Shake Shack akasin haka take: daga keken sayar da abinci a dandalin Madison Square na New York ta faro a 2001, ta zama rumfa a 2004, ta shiga kasuwar hannun jari a 2015, kuma tana son wuraren da haya ta fi tsada, filayen jirgin sama da manyan kantuna da tsakiyar birni. Wani ɓangare na kuɗin bogarka mai gidan haya ne ke karɓa.

Aliyu_Kalifoniya:
To ai ka amsa wa Ummu Hanan ke nan. Akwai kuɗin wuri da na suna a ciki.

Bashir_Akanta:
Akwai, ban musa ba. Cewa na yi ba shi kaɗai ba ne.

MaiGashi_Tukur:
Ku bar ni in shigo ta wajen wuta, don a nan ne bambancin ɗanɗano yake fitowa, kuma ba a faɗe shi ba. Abin da ke sa bogar Shake Shack da ta Smashburger ƙamshi shi ne ɓawon nan mai ruwan ƙasa da ke kama jikin naman. Yadda ake samunsa: a mulmula nama kamar ƙwallo ba tare da an murje shi da yawa ba, a ɗora a farantin ƙarfe mai zafin digiri 200 na Salshiyos zuwa sama, a danne shi da ƙarfi cikin daƙiƙa 30 na farko tun kitsen bai narke ba, a barbaɗa gishiri a sama, a ƙyale shi minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Sannan a kankare shi da ƙarfe mai kaifi yadda ɓawon zai taso tare da naman, a juya, a ɗora cuku, daƙiƙa 40 zuwa minti ɗaya a sauke.

Kurakuran da ke ɓata shi: danna nama bayan ya fara nuna, nan take ruwan ke fita ya ƙone. Cika kasko da yawa, zafi ya sauka, naman ya koma dahuwa cikin ruwansa ya yi toka-toka. Da kuma cuɗa gishiri cikin niƙaƙƙen nama tun kafin a mulmula, wannan yana sa shi ya yi danƙo ya yi tauri kamar tsiren da aka yi da jijiya. Gishiri a waje kawai, dab da ɗorawa.

Kaskon McDonald's mai murfi yana da sauri da daidaito, amma tururi na taruwa a ciki, ɓawon ba ya kamawa haka. Sannan akwai ajiya. A shagunan araha ana gasa faifai da yawa a jera su a akwatin ɗumi su jira mai saye. A masu tsada sai ka biya ake ɗorawa. Mintocin da ka tsaya jira suna cikin abin da ka saya.

Zee_Kitchen:
Malam Tukur Allah ya ƙara basira. Burodi fa? Ba wanda ya taɓo shi, kuma shi ne ke fara kunyata boga. Shake Shack a Amurka burodin Martin's take amfani da shi, wanda ake kwaɓawa da garin dankali, shi ya sa yake da laushi yana riƙe danshi bai farfashe ba. Ana shafa masa man shanu a gasa fuskar ciki, wannan gashin shi ne katangar da ke hana ruwan nama jiƙa shi. Five Guys kuma a takardar alminiyam suke naɗewa. Cikin minti biyar na farko hakan na narkar da cuku ya haɗa komai, bayan minti goma sha biyar tururi ya mayar da burodin kamar an tsoma shi a shayi. Saboda haka shawarata ga Ummu Hanan: in ta manhajar kawo abinci gida za a yi oda, kada a sayi mai tsada. Ɓawon Malam Tukur ya yi laushi, dankali ya saki, ga kason da manhajojin ke karɓa daga shago, kashi 15 zuwa 30, wanda yawanci ake ƙarawa a farashi. An biya kuɗin zafi an ci sanyi.

Dr_Hadiza_M:
Ina so in ja hankali kan wani abu da ake ɗauka alamar boga ta manya ce, wato a bar cikinta ja-ja. Yankan nama guda, ƙwayoyin cuta a bayansa suke, wuta na kashe su. Niƙaƙƙen nama kuwa injin ya riga ya cusa na waje cikin tsakiya, kuma faifai ɗaya na iya haɗa naman shanu da yawa. Dole tsakiyarsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyos. Launi ba hujja ba ne, wani naman yana yin ruwan ƙasa tun bai kai ba, ma'aunin zafi mai tsinke ne kawai ke tabbatarwa. A 1993 ƙwayar E. coli O157:H7 ta bazu ta bogar Jack in the Box a yammacin Amurka, mutum sama da 700 suka kamu, yara huɗu suka rasu, kuma daga nan ne aka tsaurara dokokin niƙaƙƙen nama a ƙasar. Five Guys ba ta karɓar odar rabin gashi, duka sai ta nuna sarai, kuma ina ganin daidai suka yi. Yara ƙanana da masu juna biyu da tsofaffi kada a ba su mai ja ko a wane shago ne.

Kuma tsada ba ta nufin sauƙi ga jiki. Babban kofin dankalin Five Guys shi kaɗai ya haura kalori 1,300, fiye da rabin abin da babban mutum ke buƙata a yini. Da man gyaɗa suke suya, ga gyaɗa a buɗe a shagon, don haka mai borin jini da gyaɗa ya nisanci wurin gaba ɗaya.

Abu_Sumayya:
Jama'a kuna ta giram da digiri, amma ga Musulmi tambayar farko ita ce yanka. A Amurka waɗannan manyan shagunan ba su da shaidar halal, kuma yawancinsu suna gasa naman alade a kicin ɗaya, wani lokaci da kayan juyi ɗaya. Dankalin McDonald's na Amurka ma akwai ɗanɗanon naman sa a cikin kayan haɗinsa, har kamfanin ya biya dala miliyan 10 a 2002 bayan mabiya addinin Hindu da marasa cin nama sun kai ƙara. A Dubai da Saudiyya da Kuwait lamarin daban ne, hukuma ba ta barin nama ya shigo sai da takardar halal, kuma a Dubai Shake Shack ta buɗe reshenta na farko a wajen Amurka a 2011. Suna ɗaya, hukunci ya bambanta da ƙasa. A tambayi reshen da za a shiga, kada a dogara da abin da aka gani a wata ƙasa.

Aliyu_Kalifoniya:
Malam Abu Sumayya, akwai saɓanin malamai kan yankan Ahlul Kitabi, wasu sun sauƙaƙa.

Abu_Sumayya:
Akwai, kuma ba zan yanke wa kowa ba, kowa ya koma wa malaminsa. Amma ko wanda ya sauƙaƙa a yanka bai sauƙaƙa a man alade da ya taɓa kasko ba. Wannan tambayar ce ya kamata a yi wa mai gashi kai tsaye: ina kuke gasa shi, kuma da wane ƙarfe kuke juyawa?

Hajiya_Rabi_Jos:
Ku dawo da mu kan dankali, don a nan ne nake ganin ana cin kuɗin mutane da kalmar "ɗanye". Ɗanyen dankali ba ya fin daskararre kyau sai an bi matakansa. A yanka kaurin santimita ɗaya, a jiƙa a ruwan sanyi aƙalla minti 30 sitaci ya fita, a tsane shi sarai, a soya a digiri 150 na minti biyar ya nuna ciki bai yi ja ba, a kwashe ya huce, sannan a mayar a digiri 190 na minti biyu zuwa uku. Suya biyu. Five Guys haka suke yi. In-N-Out suya ɗaya suke yi, shi ya sa ko masoyansu ke kukan dankalin na saki da wuri. Daskararren na masana'anta an riga an tafasa shi sama-sama an yi masa suyar farko, don haka wadda ake yi a shago ita ce ta biyu.

Shaida mafi ƙarfi ita ce Shake Shack da kanta. A 2013 ta bar daskararren dankalinta mai lanƙwasa ta koma yankan hannu, masu saye suka ƙi, a 2014 ta dawo da daskararren. Har yau shi take sayarwa a farashin manya.

Wani abu kuma: dankalin da aka adana a wuri mai sanyi sosai sitacinsa na juyewa sukari, sai ya yi baƙi a mai tun cikinsa bai nuna ba. Masu suya da na Filato su lura, sabon haƙa mai ruwa da yawa ma ba ya ƙandarewa da kyau, wanda ya ɗan sha iska a inuwa ya fi.

SarkinFawa_Bichi:
Tunda Hajiya Rabi ta kawo mu gida, masu son gwadawa da naman kasuwarmu su sani shanunmu, Bunaji da Gudali da sauransu, kiwon tafiya ne, tsokarsu ba ta da kitse a ciki kamar shanun Amurka da ake turkewa a ɗura musu masara. In aka niƙa cinya zalla boga za ta bushe. Maganin yana jikin san: tozo. A haɗa giram 750 na naman kafaɗa ko ƙirji da giram 250 na tozo, a sa a firiza minti 20 ya yi sanyi ƙwarai kafin a niƙa, don in kitse ya yi ɗumi shafewa yake a jikin injin. Niƙa ɗaya a faranti mai manyan huda ya isa. Kilo ɗaya zai ba da faifai tara na giram 110. A tabbata an wanke injin kafin a zuba, kuma a gasa a ranar.

Nafisa_Legas:
Burger King ta buɗe a Legas a 2021, McDonald's kuwa har yanzu babu ita a Najeriya, balle Five Guys. Abin lura, wadda ake ɗauka ta araha a Amurka a nan ita ce ta 'yan gayu, saboda dizal da firiza da kayan da ake shigowa da su da dala. Kenan kalmar "mai tsada" ta danganta da inda mutum yake tsaye. Mai sayen ta a nan yawanci wurin zama da sanyin na'ura da fitar da yara yake biya.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. To in mutum ya shiga irin shagon nan, ta yaya zai ci moriyar kuɗinsa?

Bashir_Akanta:
Hajiya, ribar shago ba a boga ta fi yawa ba, a lemo da madarar ƙanƙara da dankali take. Kofin lemo ruwa ne da sukari da iskar gas, abin da aka kashe a kansa kaɗan ne ƙwarai. A sayi boga, a nemi ruwa. A Five Guys kayan haɗi goma sha biyar kyauta ne, har da soyayyar albasa da gasasshen naman kaza (wato tsiron nan mushroom, ba kaza ba) da barkono, ba a ƙara ko sisi, don haka mai faifai ɗaya da aka cika da su tana ƙosarwa. Dankali kuma ƙaramin kofi ya ishi mutum biyu, domin bayan sun cika kofin suna ƙara wani ludayi a cikin jakar.

MaiGashi_Tukur:
A nan na ɗan saɓa da kai Malam Bashir. In aka tula kayan haɗi takwas a kan faifai ɗaya, an binne ɓawon da aka biya kuɗinsa, ruwan tumatir da naman kaza kuma ya jiƙa burodin ƙasa kafin a kai rabi. Wanda miya da kayan lambu yake so ya ji, Whopper ta ishe shi. Wanda nama ya je ci, cuku da albasa da kokwamba mai tsami kawai, latas a ƙasa ya tare ruwa, a ci a wurin cikin minti biyar.

Hajiya_Rabi_Jos:
Kuma a duba man suyarsu kafin a sayi dankali. In ya fito da duhu yana ɗaci a maƙogwaro, man ya tsufa, ko nawa aka rubuta a allo.

Aliyu_Kalifoniya:
Har yanzu ba wanda ya nuna min abin da Shake Shack ke bayarwa da ya kai ninkin kuɗin In-N-Out. Malam Tukur, in aka ɗauke burodin Martin's da kaurin faifai, me ya rage?

MaiGashi_Tukur:
Haɗin naman ya rage. Na Shake Shack a New York daga mahautar Pat LaFrieda ya samo asali, yankakkun sassa ake zaɓa a niƙa, ba ragowar gyaran nama ba, ga danna shi da ake yi a kasko wanda In-N-Out ba ta yi. Ko hakan ya kai ninki biyu, wannan sai a sayi guda ɗaya daga kowanne, ba miya ba kayan haɗi, a cire burodin sama a ɗanɗana naman zalla. Sarkin Fawa, giram nawa ne faifan In-N-Out kafin gashi?